Katunan da Kawu ya ƙona

A shekarar da na samu shiga jami'a, aka ce za a zaɓi 'yan ƙalilan daga ajinmu a koya musu rubuta wa kwamfuta umarni. Inji ne mai cin ɗaki guda, ba ya jin magana sai ta katin kwali da aka huda. Malamin ya ce kowa ya huda nasa ya kawo ranar Litinin. Wanda bai kawo ba, an ba wani gurbinsa. Injin hudawa ɗaya ne, layinsa kuwa kamar na famfo da rani. Na sha wuya kafin nawa su kammala. Na ɗaure su da roba, na tafi da su gidanmu a unguwar Aboabo.

Kawu, ƙanen Mma mahaifiyata, bai daɗe da ƙetarowa ƙasar nan daga Sakkwato ba. Goro yake sayarwa, a ɗakina yake kwana, kuma bai taɓa barin jakata ta huta ba. Ranar Asabar na dawo daga unguwar Suame na tarar da shi a tsakar gida gaban murhun gawayi yana ƙona katunana, matan gida sun kewaye shi.

"Ga ɗan bokonku," in ji shi. "Karta yake yi. Har huda ta ya yi don ya riƙa cutar abokan cacarsa."

Na ce, "Kawu, karatu ne, wallahi karatu ne!"

Ya ce, "Karatun da babu baƙi ko ɗaya?" Ya jefa sauran a wuta yana kallon idona. Bai tambaye ni ba, bai jira mahaifina ba. So yake a ce ya ceci yaro.

Litinin na je hannu wofi. Malamin ya saurare ni, ya ce ya yi baƙin ciki, ya kira sunan wani. Na tsani Kawu tun daga ranar, tsana mai hana cin abinci.

Ba a jima ba gwamnati ta ce baƙin da ba su da izinin zama su bar ƙasar. Mu a nan aka haife mu. Kawu kuwa baƙo ne, ba Turanci, ba Twi, yaren mutanen garin. Ya same ni a ƙofar gida, muryarsa ta yi sanyi.

"Ɗana, raka ni ofis ka yi musu bayani."

Yau ni ne ɗa! Na ce ina da karatu. Mma ta roƙe ni har da hawaye, ta ce ɗan'uwanta ne ciki ɗaya. Na ce ai na sani. Ko da na je, wataƙila ba abin da zai canza, amma ban so ma a gwada ba.

Ranar da za a kwashe su Kawu, na dai raka su tasha, don ina son in gani da idona. Aka cusa shi a bayan lori tsakanin katifu da tukwane. Da motar ta tashi ya ɗago mini hannu. Nawa hannuwan suna cikin aljihu, kuma can na bar su.