Hannun Lalle a Ɗakin Gwaji

Tun ina aji uku na sakandare nake zana wa mata lalle a Jega. Idan biki ya taso a layinmu ni ake nema, kuma ban taɓa jin wadda ta kushe aikina ba. Shi ya sa da na fara karatu a jami'a a Aliero, aka ce mana a Bayoloji sai mutum ya ci jarrabawar zane kafin ya wuce, na ce a raina wannan kam an gama.

Ranar farko a ɗakin gwaji albasa aka ba mu. Aka ce mu ɓare siririyar fatar ciki, mu ɗora a gilashi, mu leƙa ta na'urar ƙara girma, mu zana abin da muka gani. Na ga ƙananan ɗakuna jere kamar bulo. Na zauna na zuba musu hannu. Na yi wa bango kauri nan, siranta can, na sa inuwa a gefe, har layukan da ke nuna sunaye sai da na lanƙwasa su don kada su tsaya ƙiƙam.

Mai kula da ɗakin wani dattijo ne ɗan Maiyama. Ya ɗaga takardata, ya daɗe yana kallo.

"Ɗiyata, wace amarya za a kai da wanga?"

Aka yi dariya. Na ce, "Malam, abin da na gani ne."

"Kin ga inuwa cikin albasa? Layi guda, ba ɗaga hannu, ba shafa baƙi. Sunaye kuma da rula."

Ya ba ni uku cikin goma. 'Yar ɗakinmu, wata 'yar Mungadi, ta zana wani abu kamar katangar da ruwa ya ci, ta tashi da takwas. Mako na gaba ƙafar kyankyaso ce, na samu huɗu. Jarrabawa saura kwana goma, kuma wanda ya faɗi sai ya maimaita kwas ɗin baɗi tare da sababbin shiga.

'Yar Mungadin ce ta ƙwace fensirina mai laushi, ta ba ni nata mai tauri.

"Ke matsalarki kina son abu ya yi kyau."

"To so kike ya yi muni?"

"So nike ki ci, 'yar uwa. Sake."

Kullum bayan la'asar muna bayan ɗakin kwana, ina zana ganyen kuɓewa da ƙwayar wake da aka raba biyu. Kaina ya gane dokar tun ranar farko, ba wani abin wahala ba ne. Hannun ne ya ƙi. Duk layin da na ja, ƙarshensa sai ya naɗe da kansa. Na yaga takardu har 'yar Mungadin ta ɓoye littafinta. Da na je gida ranar Asabar, ɗiyar gwaggona ta miƙo mini tafinta, na ce ba zan taɓa lalle ba sai bayan jarrabawa. Gwaggo ta ce boko ya fara hawa mini kai. Ban tsaya yi mata bayani ba, don ni ma bayanin haushi yake ba ni.

Ranar jarrabawa na shiga da tunanin albasa a kaina, sai na tarar da karfasa kwance a faranti. Na zana jikin da layi guda, tsaf. Sai ɓawon kifin. An gaya mana kaɗan ake zanawa don nuni, na sani sarai. Amma kafin in ankara na jera su sahu-sahu har tsakiyar ciki, kowanne da ɗan duhunsa a gindi.

Dattijon ya zo wucewa ta bayana. Ya ƙwanƙwasa gefen tebur sau biyu ya wuce.

Na hau gogewa. Takarda ta yi laushi, ta huje daidai cikin kifin, kuma babu lokacin karɓar wata. Na bar ɓawo biyar, na ɗauki rula na ja layukan sunaye, ɗaya ya bi ta bakin hujin. Haka na miƙa.

Da sakamako ya fito, na tsallake da maki mafi ƙanƙanta da ake tsallakewa da shi. Ban maimaita ba. Amma har yau ina nan a kan bakana, kifin da na goge ya fi kama da kifi.