Akayau a Ƙafar Kaka ta Hagu

Shekaranjiya ina laluben almakashi a durowar teburina a asibiti, sai hannuna ya bugi akayau ɗin nan, ya ce cas. Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar cokali ba, amma sai da na nemi kujera na zauna. In ba ka san akayau ba, ƙarfe ne mai ƙananan zobba da mai rawa ke ɗaurawa a idon sawu, duk takun da aka yi sai ya amsa. Wannan na kakata ne, uwar babana, kuma shi ya kawo ni aikin da nake yi yau.

A ƙauyenmu, can bayan Madakiya, rawar mata ta bayan girbi tana da doka. In an gama yankan acca, an tono citta an baza ta a kan duwatsu har ƙamshinta na sa mutum atishawa, sai a fito da ganguna fili. Mata su jeru bisa shekaru, babba a gaba, mu 'yan mata can a wutsiya. Ta gaba ita ke da taku. Makaɗi ma ƙafarta yake kallo. In ta yi sauri a yi sauri, in ta ja a ja, kuma ba a taɓa wuce ta. Tun da na yi wayo Kaka ce a gaba, 'yar tsamurmurar tsohuwa mai faɗan tsiya, wadda ke jin kuskuren takunki daga ƙarshen layi ba tare da ta waiwaya ba. Ni kuwa, ba yabon kai ba, na iya rawa. Ita ma ta sani, shi ya sa ta fi yi mini faɗa.

Mu a Kafanchan muke zaune, a kwatas ɗin reluwe, inda kukan jirgi ke tashin mu makaranta. Baba ma'aikacin tasha ne, kuma ya riga ya gama tsara mini rayuwa: in gama sakandare, in koyi buga tafireta, in samu kujera a ofis ƙarƙashin fanka. Ban taɓa musa masa ba, don ban san wani abin da nake so ba ban da rawa.

Ina aji huɗu, da damina, Kaka ta faɗi a gonar citta. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Aka ɗauko ta aka kawo gidanmu, muka shiga yi mata hidima iyakar ƙarfinmu. Mama ke ba ta kunu a baki. Matan zumunta na coci suna zuwa da addu'a da waƙa. Maƙwabciyarmu, matar wani direban jirgi daga kudu, kullum da kwanon farfesu. In Kaka ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, mutum uku ne za su riga ta. A wurinmu ladabi ke nan, ba a barin babba ya wahala. Wata uku ana haka, sai ta daina faɗa, ta daina magana, ta juya fuska bango. Wannan ya tsorata ni fiye da ciwon.

A lokacin, mu matasan coci muna zuwa aikin sa kai kowace Asabar a wani ƙaramin asibitin mishan. Shara, ɗebo ruwa, wankin zannuwan gado. Gaskiya hirar hanya ce ta fara kai ni. A can akwai wata tsohuwar nas, gajera, mai murya kamar ta soja. Na gan ta tana tsayar da wani dattijo mai irin ciwon Kaka tsakanin sandunan gora biyu na dafawa, yana gumi yana roƙonta, ita ko a jikinta. Na ce a raina matar nan ba ta da tausayi. Da na ba ta labarin Kaka, sai ta tambaye ni wata nawa tana kwance. Na ce uku.

"Ku za ku kashe ta da ladabinku," in ji ta. "Ajiye tsintsiyar nan, zo ki gani."

Daga ranar ta riƙa nuna mini yadda ake lanƙwasa gwiwa, yadda ake murza tsoka da man kaɗanya, yadda ake tayar da mutum ba a ja masa hannu ba. Na kai wannan ilimi gida da rawar jiki, Kaka ta ƙi. "Ƙafan nan ya mutu, bar shi," ta ce. Ba ta jin ƙafar ko an mintsine ta. Baba kuma ya ce kada in sake wahalar masa da uwa.

Akwai wata al'ada tamu. Macen da ta gama rawa a duniya takan miƙa akayau ɗinta ga jikarta a gaban shaidu, daga nan ba ta ƙara shiga fili. Kowa ya san tsofaffin da suka yi haka ba su cika ganin girbi biyu ba. Wata Lahadi bayan sujada, sai ga ƙanwar Kaka daga ƙauye da wasu tsofaffi biyu, da ƙunshi a hannu. Ashe Kaka ce ta aika. Aka jingina ta da matashi, ta kira ni, ta tura mini akayau biyu da hannunta mai lafiya. Ba a ƙin karɓa. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Na ɗaura ɗaya a ƙafata. Ɗayan kuwa na kama ƙafarta ta hagu na ɗaura mata.

"Ke! Kina da hankali kuwa?" in ji Baba.

Ban dube shi ba. Na miƙe na tsaya a bayan kafaɗarta, na ce, "Kaka, ni 'yar wutsiya ce. Ba na taku sai ta gaba ta taka."

Na ɗauko waƙar girbi da yarenmu. Ƙanwarta ta dube ni ta dubi Baba, sannan ta jawo faranti ta fara bugawa a hankali. Na ƙame ban motsa ba. Waƙa ta zagayo sau uku. Kaka ta harare ni, ta zage ni tas, zagin da na yi wata uku ina kewarsa. Can sai muka ji cas, 'yar ƙarama.

"Wa ya taɓa ni?" ta ce.

Babu wanda ya taɓa ta. Ta zuba wa ƙafar ido, ta cije leɓe, akayau ya sake cewa cas. Mama ta toshe baki ta fita waje. Ƙafar da Kaka ba ta ji a jikinta, yanzu tana jin ta da kunne.

Washegari Baba da kansa ya kafa gora biyu a bayan gida. Kowace safiya kafin in tafi makaranta muna can, ita tana zagina, ni ina ƙirga ƙarar ƙarfe. Da girbi ya zo muka je ƙauye, Kaka ta tsaya a gaban layi da sanda, ni a hagunta, rabin taku a baya. Ban taɓa ganin rawa mai nawa irin ta ranar ba. Makaɗi ya jiƙe sharkaf da gumi don jiran ƙafa ɗaya. Mata tun daga gaba har wutsiya suna ɗaga ƙafa su jira, su sauke tare da ita. Zagaye ɗaya kawai aka yi, kuma ba wadda ta wuce ta.

A motar komawa na ce wa Baba ba zan koyi tafireta ba, aikin tsohuwar nas nake so. Ya ce to sai in dage da kimiyya. Kaka ta ƙara shekara shida tana zuwa coci da ƙafarta, ana jin ta tun daga ƙofa. Ɗayan akayau ɗin sai a makonta na ƙarshe ta kwance ta ba ni.

Yau tashar jirgi ta yi tsit, kwatas ɗinmu ciyawa ta ci rabinsa. Ana rawar girbi har yanzu, amma da lasifika, ita kuwa ba ta kallon ƙafar kowa, don haka tsofaffi suna zaune a kujerun roba suna tafi. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Ranar da na ce maka na zauna ɗin nan, ban daɗe ba aka turo mini wani tsoho a keken marasa lafiya, 'ya'yansa huɗu suna rige-rigen gyara masa hula, shi kuwa ya kau da kai. Na ɗaura masa akayau a ƙafar da ya ce ta mutu, na ce su ja da baya, kada wanda ya taɓa shi. Babbar 'yar ta ce da ni, "Mama, har yaushe za mu tsaya haka?" Na ce mata sai ya taka.