Hannun Ƙanƙara

Shekara goma sha tara ta yi a ɗakin da ake zura wa marasa lafiya siririyar roba ta jijiyar cinya, kuma ba wanda ya taɓa yi mata shaidar kirki. Aikinta ɗaya ne, riƙon sirinjin maganin toshe jijiya. A cikin ƙanƙara maganin ruwa ne tsululu, da ya ji ɗumin jiki sai ya daskare ya toshe inda jini ke zuba. Shi ya sa ba a cire shi daga kwanon ƙanƙara sai likita ya ce "miƙo", kuma da yatsa biyu ake ɗauka. Abokan aiki suka laƙaba mata Hannun Ƙanƙara, ita ko ta ɗauka yabo ne.

'Yan koyon da ta sa kuka ba su ƙirguwa. Wata ta taɓa dunƙule sirinji a tafin hannu, sai Hannun Ƙanƙara ta tsitsiye ta a gaban kowa.

"Ɗanki ne da za ki rungume? Mai tausayi ba ta aiki a nan. Fita!"

Wata Talata da hantsi aka turo ƙanwarta, wadda ta yi rainonta tun rasuwar uwarsu, jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Likita ya ce ta fita, dangi ba sa tsayawa. Ta ce to wa zai riƙe, waɗannan sakarkarun? Sirinji ɗaya tal ya rage a asibitin.

Likita na laluben jijiya a allon hoto, ƙanwar ta juyo da kai.

"Yaya, sanyi nake ji. Kar ki tafi."

Tsoro ya kama ta. Ta ɗauko sirinjin, wai don ta zama a shirye. Minti huɗu tana tsaye tana addu'a, hannu biyu a ƙirji, sirinji a tsakiya.

"Miƙo," in ji likita.

Ya danna, ya ƙi. Ya sake dannawa, ko gezau. Ya shafa sirinjin ya ji ɗumi, ya dube ta. Kafin a shirya ɗakin tiyata, ƙanwar ta cika.

Ba a kore ta ba, kuma da korar ta fi mata sauƙi. Yarinyar nan da ta fatattaka ita ke riƙon sirinji yanzu. Kullum da safe sai ta turo mata kwano da murmushi.

"Anti, a ciko mana ƙanƙara. Ita dai ko kin rungume ta, ba ta kashe kowa."