Ruwan Randar Jaje

A Ƙonni, in ka ce Jaje mai gilashi, kowa ya san wanda kake nufi. Dogo ne siriri, ɗan Badaguishiri, da can makiyayi, har fari ya cinye shanunsa ya gangaro gari. Aikinsa wanke tagogin otal ɗin Alhaji Khalilu, manyan gilasai goma sha biyu masu kallon titi.

To, ruwan rijiya ba ya shiri da gilashi. Ka wanke tas, rana ta busar, sai ka ga fararen ɗigo kamar an watsa koko. Shi ya sa da farko Alhaji ya sayo injin tace ruwa daga Sakkwato, da mai kula da shi. Kai, wannan inji ya fi doki ci! Yau matatar injin ta toshe sai an sayo sabuwa, gobe wuta, jibi rabin ruwan ya bi kwata. Sai Jaje ya zo ya ce shi da ruwan sama yake aiki. Alhaji ya gwada shi, ya rufe injin da buhu, amma ya gaya masa a fili: ran da ya ga ɗigo ɗaya, inji zai dawo, shi kuwa ya kama gabansa.

Da damina Jaje yake tara dukiyarsa. Ba ya tarar ruwan farko, wanda ya wanko rufi, sai sama ta yi na uku. Randuna bakwai yake cikawa, ya ɗaure bakinsu da ƙyalle, ya yi ta tsimi har shekara ta zagayo.

Yana son aikin nan, wallahi. In ya hau tsani ya shafa ruwa, sai sararin sama ya shigo cikin gilashin, gizagizai na tafiya a hankali. A nan yake ganin shanunsa. Ga Fara mai karyayyen ƙaho, ga jar nan mai gardama, suna ratsa taga ɗaya su shiga ta gaba, yana bin su da tsumma yana kiran sunayensu ƙasa-ƙasa. Masu shayi a gindin bango sun daɗe da daina yi masa dariya.

Bana zafi ya yi tsawo. Randa ɗaya ta rage, ita ma ta yi rabi, ga shi Alhaji na da manyan baƙi ranar Asabar. Jaje ya duba, ya ga za ta kai shi da ƙyar.

Ranar Alhamis mahaifiyarsa, Inna Mansura, ta zo daga ƙauye ganin jikoki. Washegari kowa ya fita, ta leƙa bayan ɗaki ta tarar da randuna shida a bushe ƙaf, ta bakwai rabi. Abin ya sosa mata rai. A gidan ɗanta, randa ba ruwa? Tsohuwar da ba ta iya miƙe baya ta ɗauki tulu, ta yi sawu uku rijiyar unguwa, ta cika randar, ta mayar da ƙyallen yadda ta same shi.

Asabar da sassafe Jaje ya ɗebi ruwa cikin sauri, bai ma lura randar ta cika ba. Ya wanke tagogin nan, ya kora shanunsa har taga ta ƙarshe. Da hantsi ya ɗaga, gilasai goma sha biyu suka fito fari fat da ɗigo. Alhaji bai yi faɗa ba, ya dai sa aka yaye buhun daga kan injin.

Jaje ya dawo gida da tsaninsa a kafaɗa, ya buɗe randa ya ga har yanzu ruwan ya fi rabi. Inna na zaune a tabarma tana matsa gwiwa, fuskarta cike da murna.

"Ɗan nan, ruwan ya ishe ka?"

Ya daɗe yana kallon hannunta da igiyar guga ta yanka. Zuciyarsa ta karye, ya tsuguna gabanta.

"Ya ishe ni, Inna. Sannu da aiki."