Wayar Baban Hanatu

Wani tsoho yana zaune a inuwar wani shago a garin Klemat, hularsa ta koɗe, idanunsa sun yi hazo. Wayar salula ce a tafinsa, yana goge fuskarta da bakin riga. Roba ce zalla, irin wadda ake jerawa a gilashi don talla. Wataƙila akuyarsa ya sayar ya saye ta.

Mai shagon ya leƙo. "Baba, wannan fa babu komai a cikinta."

"Wanda ya sayar mini ya ce sai 'yata Hanatu ta kira daga Jidda za ta kawo wuta."

Yana kara ta a kunne, yana saukewa. Inuwar tana janyewa, rana ta kai gwiwarsa, shi kuwa bai matsa ba.