Kaset ɗin da Zahara'u ta aika Jibiya

Zahara'u ɗiyar wani direba ce, Ashiru, mai jigilar fasinja tsakanin garinsu Madarunfa a Nijar da Jibiya a Najeriya. Tun tana ƙarama take kwaikwayon Ingilishin da take ji a rediyon motar ubanta, kuma shi ta je karanta a jami'a. A 1993 yajin aiki ya tsayar da karatu, ɗalibai suka watse. Ita ta dawo gida da manyeto mai ɗaukar murya da kaset huɗu.

Zaman banza bai karɓe ta ba. Ta tara 'yan jami'a shida da ke zaman jira a garin, waɗanda suka san Ingilishi a takarda amma bakinsu ba ya buɗuwa. Ba ta dame su da nahawu ba, aiki take ba su. Yau mutum biyu su yi wa baƙo kwatancen hanyar garin Gabi, gobe su sasanta manomi da makiyayi, duk da Ingilishi, manyeto na ɗauka. In an gama a mayar a saurara. Ranar da Mubarak, mai karatun noma, ya ji yadda yake katse kowa a hira, da hula ya rufe fuska. Daga nan ya koyi jira.

Ana cikin haka injin ban ruwa na masu lambun bakin tabki ya lalace. In an ja shi sai ya yi tari ya mutu, ga albasa ta fara yaushi. Ashiru ya ce akwai gwanin makanike a Jibiya, sabon zuwa daga kudancin Najeriya, sai dai bai ji Hausa ba tukuna, kuma ba ya barin garejinsa.

Zahara'u ta miƙe tsaye. "Mu aika masa kaset."

Baba Audu, shugaban masu lambu, ya dube ta. "Ɗiyata, injin ne zai yi bayani ko ku?"

"Da mu da shi, Baba."

Suka raba aiki. Mubarak ya zauna da Baba Audu, ya saurari tarihin ciwon injin har ƙarshe. Nafisa, mai karatun lissafi, ta tsara bayanin daki-daki. Sau biyar suna ɗauka suna gogewa, sannan suka kanga manyeton kusa da injin ya ɗauki tarinsa.

Bayan kwana biyu Ashiru ya dawo da kaset ɗin da wani ɗan ƙarfe a leda. Zahara'u ta sa kaset ɗin a manyeto ta danna. Muryar makaniken ta fito da sauri, yana dariya, yana cewa bai taɓa duba inji ta kunne daga wata ƙasa ba. Suka yi ta mayarwa, suna gardama kan kalma ɗaya, har suka daidaita. Mubarak na kwance injin don sa sabon ƙarfen, Nafisa na fassara wa masu lambu, Zahara'u na tsayar da kaset bayan kowace jimla.

Da la'asar injin ya tashi. Baba Audu ya tattare riga ya bi ruwan da gudu har kwamin albasa na farko, ɗaliban na biye da shi suna ihu da Hausa da Faransanci da Ingilishi.

Da aka buɗe jami'a ta koma ta ƙarasa, aka tura ta koyarwa a makarantar horon malamai. Can ma ɗalibanta sun fi yini a kasuwa da tasha fiye da cikin aji, kuma shugaban makarantar ya daɗe bai saba da hakan ba.