Lomar ƙofar gidan yari

Shekarar da soja suka miƙa mulki, an yi ta cewa za a saki fursunoni. Mijina bai fito ba, don shi ba siyasa ce ta kai shi ba. Duk Juma'a nakan kai masa tuwo daga Ƙofar Kwaya, ganduroba ya sa in ci loma ɗaya a gabansa kafin a shigar da kwanon. Sau da yawa lomar nan ce abincina na yini.

Ranar da na shaida masa zan je wurin alƙali a raba mu, ban ɗaga murya ba. Ya ce, "To wa zai riƙa kawo mini tuwon?"

Da Juma'a ta zagayo na tuƙa tuwona kamar kullum, na zauna na cinye abina.